Abin da magoya bayan Florida State suka ba da shawara bayan kakar 2024

A 2023 ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Jihar Florida ta ci wasa 13 a jere. Shekara na zagayowa sai ga ta da nasara 2 kacal, an doke ta sau 10, har ƙungiyar Jami'ar Notre Dame ta lallasa ta 52 da 3. Abin ya yi mana ciwo, shi ya sa mu magoya bayanta muka zauna muka tattauna.

Mafi yawanmu sun ce a rage dogaro da ɗauko 'yan wasa daga wasu jami'o'i. An kawo DJ Uiagalelei daga Oregon State ya ja ragamar hari a matsayin mai jefa ƙwallo, abin bai yi ba. Gara koci Mike Norvell ya koma sakandaren Florida ya zaɓo yara, ya rene su shekara uku ko huɗu. Ni ma nan na tsaya. An kuma nace a gyara layin masu kare mai jefa ƙwallo, don mun sha ganin an kayar da shi, ƙwallo na hannunsa, tun bai ɗaga kai ba.

Batun korar Norvell kuwa ya raba mu. Wasu na ganin sallamar mataimakansa masu tsara hari da tsaro da aka yi a Nuwamba ta isa. Wata ta roƙi a daina zagin yaran a intanet, ta ce ɗalibai ne, da safe aji za su shiga.