Me ya sa sinadarin wortmannin ke hana ƙwayoyin makrofaj haɗiye manyan duwatsu kaɗai?

Ina neman taimakon masana kan ƙwayoyin makrofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Na ba su ƙananan duwatsun roba da aka lulluɓe da IgG (furotin na garkuwar jiki da ke sa makrofaj ya gane abin da zai haɗiye), bayan na toshe aikin furotin PI3K (mai isar da saƙo a cikin ƙwayar) da wortmannin. Masu faɗin maikron 1 (maikron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) suna shigewa lami lafiya, amma a kan masu maikron 6 sai fatar ƙwayar ta taso kamar ƙoƙo, ta rungumi rabin dutsen, ta tsaya nan ba ta rufe ba.

Shin ƙarancin sabuwar fata ne ya jawo haka, ko kuwa furotin Rac da Cdc42, masu kunna haɗuwar zaren aktin (zaren da ke tura fatar ƙwayar gaba), su ne ba a kashe aikinsu ba, har zaren ya kasa warwarewa a gindin ƙoƙon? Ni dai na fi karkata ga na biyu. Wane gwaji ne zai bambance mini su?