Wace kalma za mu ba "cousin" idan ana labarin sarakunan Sikandinebiya?

Jama'a, a zo mu daidaita a kan kalma ɗaya. Duk sanda labarin gidajen sarautar Danmak, Suwidin da Norwe ya taso, Bature yakan ce wane "cousin" ɗin wance ne, mu kuma sai mu rubuta "ɗan'uwanta". Wannan bai gamsar ba. Mai karatu zai iya ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya ne.

A gidajen nan kuwa ruɗani ba ya wuya, saboda suna ɗaya ake ta juyawa. A Danmak tun 1513 sarauta tana tsakanin mai suna Christian da mai suna Frederik, sai a 1972 Margrethe ta biyu ta shiga tsakani. A Suwidin uba Gustaf Adolf, ɗa ma Gustaf Adolf. Idan suna bai bambanta mutane ba, dole dangantaka ta bambanta su.

Mu ɗauki Margrethe, wadda ta yi murabus ranar 14 ga Janairun 2024, da Sarki Carl Gustaf na 16 na Suwidin. Mahaifiyarta Ingrid ƙanwar mahaifinsa ce, Yarima Gustaf Adolf, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1947. Ke nan ita ɗiyar gwaggonsa ce, shi ɗan kawunta. 'Yar mace da ɗan namiji. Hausa tana da sunan wannan tun kaka da kakanni: taubasai. Shi taubashinta, ita taubashiyarsa. Ba ma buƙatar ƙirƙirar komai.

Na san za a ce taubashi yana tafe da wasa da tsokana, har da kuɗin shara a watan cika-ciki, su kuma can ba su san wannan ba. Gaskiya ne. Amma tushen kalmar jini ne, wasan a kansa ya hau. Ni dai ina tare da ita ɗari bisa ɗari, don tana faɗa wa mai karatu ta ina aka haɗu.

Ku duba Norwe ku ga yadda take zama daram. Yarima Carl na Danmak, wanda aka zaɓa sarkin Norwe a 1905 ya koma Haakon na 7, ya auri Maud ta Ingila a 1896. Mahaifinsa Frederik na 8 da mahaifiyarta Alexandra wa da ƙanwa ne. Olav, ɗan Haakon da Maud, ya auri Märtha ta Suwidin a 1929, wadda uwarta Ingeborg ƙanwar Haakon ce. Auren zumunci na taubasai sau biyu a jere, kuma daga nan Sarki Harald na 5 ya fito.

Inda iyayen duka maza ne, a ce 'ya'yan wa da ƙani. Olav da Frederik na 9 na Danmak, mahaifin Margrethe, ke nan.

Wurin da aikin yake shi ne "second cousin". Kakan Margrethe, Christian na 10, wan Haakon ne, kakan Harald. Mutanen Norwe suna da kalma guda, tremenning, na Suwidin su ce syssling. Su ma ba su dunƙule dangi kamar Turanci ba: a harshen Suwidin farbror baffa ne, morbror kawu, faster gwaggo, moster inna. Ta wannan fuskar sun fi kusa da mu, don haka bai kamata mu bi ta Ingilishi mu zubar da abin da mu da su muke da shi ba.

Shawarata a ce jikokin wa da ƙani. Margrethe da Harald jikokin wa da ƙani ne. Idan shi kaɗai ake nufi, jikan ƙanin kakanta. Sarki Frederik na 10, ɗan Margrethe, da Gimbiya Victoria, ɗiyar Carl Gustaf mai jiran gadon Suwidin, kuwa 'ya'yan taubasai ne. Ya fi kalmar Bature tsawo, amma tsohuwa a Daura za ta gane ba tare da ƙarin bayani ba.

Masu Sakkwatanci da mutanen Damagaram, idan akwai kalma guda da kuke kiran jikokin wa da ƙani da ita, ku kawo ta mu ɗauka. Kafin nan, a bar rubuta "ɗan'uwanta" tsirara a labarin waɗannan gidaje.