Dutsen washi na asali: wanne zan fara saya don aska?

Assalamu alaikum, masana washi, a taimaka min.

Ina wasa askata da duwatsun kamfani, mai lamba 1000 (mai ɗan kaushi) sannan mai lamba 8000 (mai santsi), in ƙarasa da goga ta a kan fatar wasa aska. Tana kwashe gashin hannu sumul, amma a fuska sai ta riƙa kartar fata, haɓa ta yi ja tana zafi. Na shafe duwatsun da sanfefa a kan gilashi har suka yi daidai, na kuma rage danna askar. Ba abin da ya sauya.

Na gwada wani baƙin dutse na kasuwa, wanda mahauta ke wasa wuƙa da shi. Wannan kam ɓarna ya yi: idan na haska bakin askar da fitila ina ganin ƙananan giɓi, kaifin 8000 ɗin ma ya tafi.

Yanzu duwatsun asali biyu ne a gabana, kuɗin ɗaya kawai nake da shi. Akwai Coticule na Beljiyam, mai ruwan ɗorawa, tsawonsa santimita 15, faɗinsa 4, ana amfani da shi da ruwa, amma kowane dutse da halinsa, wannan ke ba ni tsoro. Akwai kuma baƙin Arkansas na Amurka, wanda ake amfani da shi da mai, mai tauri ƙwarai, yana cin ƙarfe a hankali.

Bayan 8000, wanne zai ba sabon hannu kaifi mai laushi a fuska?