Saƙonnin talla da na damfara sun cika wayar Baba, ana kuma cire masa kiredi

Rabi, Tahoua:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin waya. Wayar mahaifinmu ƙarama ce mai maɓalli, saƙonni sun cika ta: wannan talla, wancan ya ce ya ci kyauta, wani ya ce an turo masa kuɗi bisa kuskure, ya mayar. Sannan duk ranar da aka sa masa kati, kafin gari ya waye an cire 50 F ko 100 F alhali bai kira kowa ba. Mun toshe lambobi sun fi 20, abin bai ragu ba. Baba ba ya karanta Faransanci, duk abin da ya fito yana danna OK ne don ya kauce. Me za mu yi?

Malam Sani, mai gyaran waya, Katako, Yamai:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsala biyu ce kika haɗa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Bari in fara da kiredin, don shi ne ke cin Baba kullum.

Wannan OK ɗin da yake dannawa shi ne tushen abin. Akwai saƙon da ba ya shiga akwatin saƙonni, sai dai ya faɗo bisa fuskar waya da zaɓi biyu, OK da Annuler. Mafi yawa tayin rajista ne: waƙar da mai kira ke ji, sakamakon ƙwallo, wasan tambayoyi. Da an danna OK an yi rajista, kuma tana sabunta kanta kowace rana. 50 F a rana kamar ba komi ba, amma a wata jaka ɗaya da rabi ke nan.

Rajistar nan tana cikin na'urorin kamfanin layi, ba cikin wayar take ba. Shi ya sa goge saƙo, toshe lamba, canza waya, ko wanke ta gaba ɗaya ba sa hana cirewa. Ku je ajans ɗin kamfanin da wayar da katin shaidar wanda aka yi rajistar layin da sunansa. Ku ce a karanto muku duk abin da layin ya shiga, don sau da yawa ba ɗaya ba ne, biyu ne ko uku. A soke su duka, sannan ku nemi a rufe wa layin shiga irin waɗannan hidimomi. Kada ku tashi sai saƙon sokewa ya shigo. Bayan nan ku gwada: ku sa 200 F da dare, ku rubuta abin da ke ciki, ku sake dubawa da safe, kwana 3 a jere. In ya ragu, akwai wadda aka manta.

Baba kuma a koya masa abu guda: duk abin da ya faɗo bai nema ba, ya danna jan maɓalli, ba OK ba.

Injiniya Mahamadu, Yamai:
Malam Sani ya gama da kiredi. Ni kan saƙon kuɗin zan tsaya, don shi ne ke kwashe jarin mutum a zama ɗaya.

Ƙanwata, kada ki ɗauka wani na kusa ne ya ba da lambar Baba. Lambar wayarmu alƙaluma takwas ce, biyun farko na kamfani, saura shida. Wato kowane farkon lamba yana ɗauke da lambobi miliyan guda, kuma kwamfuta na iya bin su ɗaya bayan ɗaya tana aikawa. Ba su san shi ba, tarko suka baza.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda jama'a ke yarda da sunan da ke saman saƙo. Wanda ke aika saƙo da yawa ta intanet shi ke rubuta sunan da zai fito, har baƙi 11. In kamfanin layi bai tace ba, ɗan damfara na iya sa sunan banki ko na kamfanin tura kuɗi, wayar kuma ta jera saƙon ƙaryar ƙarƙashin na gaskiya, domin da suna take tara su. Wasu ma ba sa wahalar da kansu: daga layi na kowa da kowa suke kwafo rubutun "an turo maka 25.000 F", minti biyu sai kira, murya na rawa, wai kuɗin maganin mahaifiyarsa ne. Gaggawar nan ita ce makaminsu.

Saƙo ba shaida ba ne. Mutum ya kashe kiran, ya duba asusunsa da kansa ta hanyar da ya saba, ko ya je wurin wakili. In kuɗin sun shigo da gaske, kamfanin da ya tura su shi ke da hanyar mayarwa, mai kuskuren ya je can. Kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai tambayi lambar sirri, ko lambar da aka turo ta saƙo. Ta WhatsApp mai lamba 6 ma haka: wanda ya karanta wa wani ita ya ba shi asusunsa, gobe a riƙa roƙon 'yan uwa kuɗi da sunansa.

Abdu, Ƙonni:
A tura STOP zuwa 2442, talla za ta tsaya.

Injiniya Mahamadu:
Malam Abdu, wannan na layukan Najeriya ne. Hukumar sadarwar Najeriya, NCC, ta kafa shi a 2016, kuma yana amfanar mutanen bakin iyaka masu riƙe layin can, amma bai shafi layinmu na Nijar, +227, ba. A kuma yi hattara da STOP ɗin. In tallar daga gajeriyar lambar kamfanin layinka take, kuma su suka rubuta hanyar fita, to a bi. In daga baƙuwar lamba ce, amsa kowace iri tana gaya musu cewa layin na da rai kuma mai shi na karantawa. Haka lambar ƙasar waje da ta buga sau ɗaya ta katse: so ake ka maida kira a lamba mai tsada.

Maryama, Yamai:
Yaya Rabi, in kamfani bai warware ba, kada ku haƙura. Ku ajiye saƙonnin, ku rubuta rana da awa da abin da aka cire, ku kai koke ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa. Amfani da lambar mutum don talla ba da yardarsa ba kuma hurumin HAPDP ne, mai kare bayanan jama'a. In an riga an ci kuɗi, a sanar da kamfanin tura kuɗin a take, ko a dace ba a cire ba, sannan a wuce komisariya. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta shafi irin wannan zamba. Kunya ce ke sa dattawa da yawa goge saƙon su yi shiru, shaida ta tafi ke nan.

Rabi:
Allah ya saka da alheri. Tawa wayar Android ce, akwai abin da zan kunna?

Malam Sani:
Akwai, Hajiya. In Messages na Google kike amfani da shi, shiga Paramètres, Protection contre le spam, ki kunna. Wanda ya tsallake, danna shi ki riƙe, ki toshe, ki kuma sa alamar spam. Sannan duba manhajojin da ke da izinin SMS: fitila ko wasa ba su da abin yi da saƙonninki, cire musu. Mahaɗin da ya zo cikin saƙo yana cewa ki sauke wani abu, kada ki taɓa. A WhatsApp kuma kunna Vérification en deux étapes, ki zaɓi lambar da ba ta asusun kuɗinki ba.