Neman kalma: "matrice extracellulaire" da mahaɗun ƙwayoyin jiki

Mai shirin lafiya a rediyo: Salamu alaikum. Jumma'a da dare za mu ɗauki shiri kan cututtukan fata, takardar likita kuwa da Faransanci take. "Matrice extracellulaire" da "jonctions cellulaires" sun tsaya mini a maƙogwaro. Ƙwayar halitta mun riga mun daidaita. Sauran fa?

Malamin lise, Birni: Kada ka kuskura ka ce wa "matrice" mahaifa, ko da ƙamus ya ba ka ita. Ana nufin abin da ƙwayoyin suke fitarwa waje su zauna a cikinsa: zaren kolajin mai hana yagewa, elastin mai miƙewa ya dawo, da wani kauri mai riƙe ruwa, asid hiyaluronik da danginsa. A aji "laka" nake cewa, irin wadda magini ke sawa tsakanin tubali.

Likitar fata: Malam, laka tana da mai ita a asibiti: lakar gadon baya. Mai sauraro zai ɗauka shan inna ake nufi. Kuma ba ko'ina abin yake da taushi ba. A ƙashi gishirin kalsiyam da fosfat ya daskare a kan kolajin, a jijiyar agara kuwa zare ne a jere. Ni "saƙar tsakani" na fi so. Fatar da majemanmu ke jemewa, bayan an kankare gashi da nama, kusan saƙar kolajin ce zalla. In bitamin C ya yi ƙaranci zaren ba ya ƙwari, dasashi ya yi ta jini, miki ya ƙi warkewa.

Baba mai Hausa, Zango: Kolajin, elastin, asid. Ina Hausar a nan? Ku ce "tsakaƙwaya", kalma guda, an gama. Kullum sai mun jira Kano ta yanke mu bi, ko mu ari na Bature. Damagaram ba ta da baki ne?

Malamin lise: Allah gafarta Malam, wa ya ambaci Kano? Tsakaƙwaya kuma ai tsakiyar ƙwaya kunne zai ji, alhali abin a waje yake.

Baba mai Hausa: Kunne ai sabo ne. Mato ma da ba a san ta ba.

Likitar fata: Baba, mato ai aro ce. Mu koma kan mahaɗu, nan cutar take. Ta farko mai toshe tsakanin ƙwayoyi, da sunadaran kulodin da okuludin, kamar a bangon hanji, don kada abin cikin hanji ya zurara ta gefe: "mahaɗar toshi". Ta biyu desmozom, "maɓalli": sunadarin kadirin ke kama ƙwaya da ƙwaya, sai da kalsiyam, daga ciki zaren keratin ya ɗaure. A cutar pemfigus garkuwar jiki ke afka wa desmogilin, wani nau'in kadirin na desmozom, fata ta yi bororo mai saurin fashewa, sau da yawa a baki yake farawa. In kuwa hemidesmozom, abin da ke ɗaure ƙwaya da shimfiɗar ƙasanta, aka taɓa, bororon ya fi zurfi da tauri, ya fi kama tsofaffi. Wannan bambancin lallai ya fito a shirin.

Malamin lise: Saura ta sadarwa. Sunadaran koneksin shida ke yin bututu guda, ya haɗu da na ƙwayar da ke maƙwabtaka, ƙananan sinadarai su wuce, shi ya sa tsokar zuciya ke bugawa tare. "Kafar sadarwa" ta isa.

Baba mai Hausa: Kafar sadarwa ai rediyon ce kanta!

Mai shirin lafiya: To na ɗauki saƙar tsakani, mahaɗar toshi da maɓalli. Ta zuciya zan ce "kafar tsakanin ƙwayoyi". Hemidesmozom fa, rabin maɓalli?

Likitar fata: Bai yi mini daɗi ba, amma ka bi shi da bayani.

Baba mai Hausa: Saƙa dai Hausa ce, na bari. Kolajin ɗin nan kuwa ban sa hannu ba.