Injin jirgina yana mutuwa a sama, farfela ce ko allura?

Ɗan_Zagaye ya rubuta:

Salam ƴan uwa. Dan Allah masu harkar ƙananan jirage irin na waya, wanda mutum ke tsayawa a tsakiya yana juyawa da shi, ku taimaka min. Na haɗa jirgi samfurin Ringmaster da hannuna, fiffike inci 42, na ɗaura mai tsohon inji Fox .35 da na saya na hannu ta intanet, wayoyina ƙafa 60. A ƙasa yana tashi lafiya lau, bugu biyu uku ya kama, amma da an sake shi bayan kaman minti ɗaya sai ƙara ta canza ta koma siririya, jirgin ya dinga gudu kaman an koro shi har jiri ya fara ɗibana, can sai ya fara shaƙewa ya mutu, in na taɓa kan silindar ko yawu ka tofa sai ya yi cuu. Farfelar da ke kai 11x7 ce dan ita na samu, mai kuma wajen wani mai jirgin rimot na karɓa. Na murɗa allura, wato abin saita yawan man da ke shiga inji, ciki na murɗa waje har na rasa inda take tun farko. Me zan canza?

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sakar wa allurar nan mara tukuna, ba ita ta yi maka laifi ba. Ka fara duba galan ɗin man, kashi nawa ne na maiƙo a ciki? Man ƴan rimot yawanci 17 ko 18 cikin ɗari ne kuma na kamfani ne ba na zurma ba. Shi ko Fox .35 ƙirar ƙarshen shekarun 1940 ce, fistin ɗinsa ƙarfe ne cikin silinda ta ƙarfe, ba shi da boris sai bushi, man zurma yake so kuma da yawa, 28 zuwa 29 cikin ɗari, naitiro, wato sinadarin ƙara wa inji ƙarfi, kashi 5 ya ishe shi, sauran metanol. Man zurman nan ba ya ƙonewa, shi ke kwashe zafi ya fita da shi ta salansa, shi ya sa za ka ga gefen jirgi ya yi damƙam bayan an sauka. In ka ga fiffikenka a bushe tas to injinka na shan wuya.

Gyaran ba wahala. Lita ɗaya mai kashi 18, ka zuba mata man zurma wajen mililita 140 ka girgiza sosai, ta kai 28 kenan. Na kemis ma yana yi in tsantsa ne ba a sa mai turare ba. Amma kar ka kuskura ka zuba baƙin man mota, ba ya haɗuwa da metanol, kwanciya zai yi a ƙasan kwalba.

Sai farfela. 11x7 ta yi mai nauyi wallahi, kaman ka loda wa Keke Napep buhu goma ka ce ya hau tudu a giyar ƙarshe. Lambar farko tsawonta ne a inci, ta biyu kuma nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya in da iska katako ce ita kuma sukuru. Ka ƙara tsawo ka ƙara murɗi lokaci ɗaya, dole ya yi zafi. 10x6 ita ce abokiyar zaman Fox tun zamanin iyayenmu, ka nemo ta katako in da hali.

In ka gyara waɗannan biyun sannan a zo kan allura. Ka buɗe ta waje har inji ya dinga ɓur-ɓur-ɓur da hayaki, wato mai ya yi yawa yana tsallake wuta ɗaya. Sai ka dinga shigar da ita kaɗan kaɗan, kana jira daƙiƙa biyu uku tsakani dan ba nan take yake amsawa ba, har ka ji yana kai-komo tsakanin ɓur-ɓur ɗin da ƙara mai santsi. Nan za ka tsaya. Ka ɗaga hancin jirgin sama, ya kamata ya koma mai santsi, ka sauke ya dawo ɓur-ɓur. Abin da ake ce wa 4-2-4 kenan, wato ɓur-ɓur, santsi, ɓur-ɓur, a miƙe yana tafiya a natse, da ya fara hawa ya ƙara ƙarfi da kansa, da ya gangaro ya lafa. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya matse allura a ƙasa har inji ya yi kukan da ya fi daɗi a kunne sannan ya saki. Wannan daɗin kukan shi ke ƙona inji.

Mai_Agogo ya amsa:

Kawu ya gama magana kan mai, ba ƙari. Amma ranka ya daɗe ni 10x6 ɗin nan ban ɗauke ta wahayi ba. Ringmaster ba nauyi gare shi ba, na ga wanda 10x5 ta fi zauna mai, jirgin ya rage gudu kuma ya fi riƙe waya a sama. Abin da zan ce wa ɗan uwa, ka daina auna gudu da ido, ka sa wani ya riƙe wayar salula ya danna agogo, zagaye biyar sai a raba. A ƙafa 60 kana neman daƙiƙa 5 zuwa 5.3 a zagaye, kusan kilomita 80 a awa kenan fa, ba wasa ba. In ya yi sauri ka rage murɗin farfela, ba wai ka buɗe allura har inji ya rasa ƙarfi ba. Mutane suna saita gudu da allura, a nan ake ɓata.

Ni injina OS LA .46 ne, shi tsarinsa daban, farfela mai ƙaramin murɗi irin APC 11.5x4, a bar shi ya yi ta juyawa da sauri ba tsallake wuta, farfelar ce ke riƙe gudun. Amma kar ka gwada haka a Fox, ba a ƙera shi dan yawan juyi ba, karkarwa zai yi har kusoshi su kwance. Kuma ka canza abu ɗaya ɗaya, in ka canza mai da farfela da fulogi rana ɗaya ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Na yarda da agogon. Amma mai da farfelar nan ya canza su tare, dukansu cuta ne, gwaji ya biyo baya.

Na_Bayan_Fili ya amsa:

Ba wanda ya yi maganar tanki. Jirgi mai faifan jiki irin wannan yana karkarwa, mai ya yi kumfa, inji ya sha iska ya zama kaman ka matse allura. Ka sa soso tsakanin tanki da jiki, ka hura tiyo cikin ruwa ka ga ko akwai huji, ni wani ɗan tsagu a bakin tiyo da ido ba ya gani ya cinye min sati uku ina zagin inji. In ka fara tashi a kife ka auna zagayen shi ma, in bai zo ɗaya da na miƙe ba tsayin tankin ne, a ɗaga ko a sauke shi kaɗan kaɗan har su daidaita.

Kuma yanzu hunturu ne, ƙurar nan garin yashi ce ga fistin, ka tace mai, in ka sauka ka toshe bakin iska da tsumma. Wayoyin nan kuma ƙarfe ne, ka yi nesa da wayar NEPA sosai, ko an ɗauke wuta.

Ɗan_Zagaye ya amsa:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Jiya na zuba man zurma, na sa 10x6, na saki yana ɓur-ɓur duk da zuciyata na ce min a ƙara matsewa. Ya shanye tankin tas bai mutu ba, ƙanina ya auna 5.1, rigata kuwa sai da Omo. Farfelar ta ɗan sare min ɗan yatsa wajen bugu, yanzu na samo guntun tiyo na sa a sanda ina buga ta da ita. Saura abu ɗaya, in na yi da'ira ta waje, wato na tura hanci ƙasa, sai ya yi wani tari guda kaman zai mutu sannan ya kama. Tanki ne wannan ko fulogi?

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Hahaha ka iso wajen kenan. Wannan tarin halin Fox ne in an kwantar da shi a gefe, kowa ya san shi da shi. Gwada fulogi mai zafi tukun ka dawo ka ba mu labari, kar ka taɓa tankin.