Mastar a tauhidi: Jos ko Abijan ga mai son bincike a kan Littafin Rut?

Ɗan Adar, Tahoua

Salama a gare ku, ƴan'uwa. Ina da lisansi a tauhidi, ina kuma taimaka wa fasto a wata ƙaramar ikilisiya nan Tahoua. Dattawa sun yarda in tafi ƙarin karatu, mastar ta bincike, amma zaɓen wuri ya hana ni sakat.

Abin da nake son bincikawa shi ne Littafin Rut da matan da ake bari a gida. Wanda ya san Adar, wato yankinmu na Tahoua, ya san da an gama girbi gari sai ya koma na mata da tsofaffi da yara. Maza sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya. Wani ya dawo da faɗuwar damina, wani shekaru su shuɗe ba ko saƙo. Cikin waɗanda nake yi wa hidima akwai matar da ba bazawara ba ce, ba kuma za a ce tana da miji ba. Ita ke neman hatsi, ita ke biyan kuɗin lakwal, dangin miji kuma sun sa mata ido. Duk ran da na karanta yadda yunwa ta fitar da Elimelek daga Baitalami zuwa Mowab, da yadda Rut ta shiga kala a gonar Bo'aza, ita nake tunawa.

To ina zan nufa? Jos ta fi kusa, ta Konni da Illela da Sakkwato. Ana jin Hausa, ga makarantun tauhidi biyu, TCNN a Bukuru da JETS a cikin Jos. Sai dai karatun da Ingilishi ne, nawa kuwa bai wuce na gaisuwa ba. A Abijan akwai makarantar tauhidi ta FATEAC, da Faransanci, amma ga nisa, ga tsada, ga iyali. Wanda ya bi hanyar nan ya ba ni shawara don Allah.

Tsohon malamin makarantar Baibul, Yamai

Ɗana, batunka ya yi mini daɗi ƙwarai, shi ya sa ba zan rage maka komai ba. Kana tambayar gari, ni kuwa ina tambayarka Ibrananci. Rut sura 4 ce, aya 85, amma mai bincike ba ya tsayawa ga fassara, ko ta Hausa ko ta Faransanci. In Ibranancinka ya kwanta tun da ka gama lisansi, tashe shi yanzu. Rut na cikin littattafan da ake fara koya wa ɗalibai da su, domin labari ne miƙaƙƙe.

Na biyu, ka kula da inda littafin ya rabu da Adar. Elimelek bai bar matarsa Na'omi a gida ba, da ita ya tafi. Mijinta ya mutu, ƴaƴanta biyu suka mutu, kowa ya sani. Dokokin da suka rufa wa Na'omi da Rut, matar ɗanta, asiri, kala a Littafin Firistoci 19, fansar gona a sura 25, auren matar ɗan'uwa a Maimaitawar Shari'a 25, an yi su ne domin matalauci da baƙo da wadda mijinta ya rasu. Matar da kake magana mijinta na da rai, ko dai ba a tabbatar ba. Wa ke da alhakinta? Dangi? Ikilisiya? Bincikenka a nan yake, ba a kamannin ba. In ka rufe wannan bambanci, wa'azi mai kyau za ka rubuta, kuma ran kare aiki masu jarrabawa ba za su bar ka ba.

Saboda haka nemi malamin Tsohon Alkawari da zai yarda ya bi aikinka. Rubuta shafi 2 ko 3: tambayarka, nassin, hanyar bincike. Aika wa makarantun duka. Inda aka amsa maka da gyara, can ne wurinka.

Ƴar zumuntar mata, Galmi

Malam, Allah ya ba da sa'a. Ni ban yi tauhidi ba, amma na zauna da matan nan. Ba za su faɗa wa namiji, balle na kusa da fasto, abin da ke tsakaninsu da uwar miji ba, ko yadda suka ci bashi, ko wanda ke zuwa musu da dare da sunan taimako. Ka nemi mace mai riƙe sirri ta yi hirar tare da kai, ka kuma ɓoye sunaye da garuruwa sosai, don mu kaɗan ne a yankin nan, kowa ya san kowa. Kada kuma ka tsaya ga Kirista kaɗai. Maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu yawa a cikin wannan hali, kuma su ma suna da hukuncinsu game da matar da mijinta ya ɓata.

Sannan madam fa? Shekara 2 ba kwana 2 ba ne. Ku zauna da dattawa a rubuta wa zai riƙe gidanka kafin ka hau mota.

Ɗalibi a Jos

Yaya, ni daga Maradi nake, da Faransanci na zo nan. Watannin farko na sha wuya, amma Hausa ta riƙe ni a kasuwa da majami'a har kunne ya buɗe. Ribar ita ce yawancin manyan sharhohin Rut da Ingilishi suke, ko Abijan ka tafi sai ka karanta Ingilishi. Amma ka tambayi kanka aikin da za ka yi bayan haka. In hidimar ikilisiya ce, takardar Jos ta isa. In kana hangen koyarwa a jami'a a Nijar, bincika maganar CAMES, hukumar da ke tantance takardun manyan makarantu a ƙasashen Afirka masu Faransanci, da daidaita difloma tun yanzu, don Najeriya ba ta cikin tsarin.

Kafin ka tafi ko'ina, leƙa cibiyoyin bincike na LASDEL da IRSH a Yamai don rubuce-rubuce kan ƙaura. Ka kuma nemi littafin Barbara Cooper na 2006 kan tarihin Kiristocin Maradi, ta yi hira da mata da yawa, za ka ga yadda ake yi.

Ɗan Adar, Tahoua

Na gode, Baba, na gode Mama da ƙanena. Zan fara da shafukan nan. Baba, in na gama zan iya aiko maka ka duba kafin su tafi? Kuma akwai wanda ke koyar da Ibrananci a Yamai da zan iya bi ta waya?